Allo Ɗaya, Hannaye Da Yawa: Tarihin errno da dlopen a Laburaren Unix

A shekarar 2003 masu kula da sabobin imel da dama suka ci karo da wani abin ɗaure kai. Manhajar qmail, wadda Daniel J. Bernstein ya fitar da sigarta ta 1.03 a 1998, ta yi suna wajen tsaro har mai ita ya sa ladan dala 500 ga duk wanda ya gano ɓaraka a cikinta. Amma da aka zo gina ta a kan sababbin tsare-tsaren Linux, irin su Red Hat Linux 9, sai ta ƙi ginuwa, alhali ba wanda ya taɓa ko harafi ɗaya a rubutunta. Da aka bi sawu, sai aka tarar laifin na layi ɗaya ne a wani ƙaramin fayil mai suna error.h, layin da ke cewa `extern int errno;`. Gyaran ma layi ɗaya ne. Sai dai sharuɗɗan da Bernstein ya gindaya a lokacin ba su yarda a rarraba manhajar da aka yi wa kwaskwarima ba, don haka aka riƙa miƙa wannan ɗan faci daga hannu zuwa hannu har zuwa 2007, lokacin da ya sakar wa jama'a ita kyauta.

Layin nan ba kuskuren ɗan koyo ba ne. Shekara ashirin da wani abu haka ake rubuta shi, haka kuma littattafai suka koyar. Ƙasar da yake tsaye a kai ce ta motsa.

Kusan kowace manhaja da ke gudana a kan Unix ko Linux tana jingine ne da wani tarin hidimomi da aka riga aka rubuta, wanda ake kira laburaren C. Buɗe fayil, neman wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, gano adireshin wata na'ura a intanet, mayar da daƙiƙoƙi zuwa kwanan wata: duk ta wannan ƙofa ake bi. Ken Thompson da Dennis Ritchie sun fara Unix a Bell Labs a 1969, aka sake rubuta shi da harshen C a 1973, a kan na'urar PDP-11 wadda ƙwaƙwalwarta ba ta kai ta agogon hannu na zamani ba. A wannan duniyar kowace manhaja abu ɗaya take yi a lokaci ɗaya, umarni bayan umarni. Saboda haka da aka zo batun yadda hidima za ta sanar da gazawarta, sai aka ɗauki hanya mafi arha. Hidimar za ta mayar da -1, sannan ta rubuta lambar dalili a wani gurbi guda ɗaya tilo mai suna errno. Lamba 2 na nufin babu fayil ɗin, 13 na nufin ba a ba da izini ba, 28 na nufin faifai ya cika. Kamar allo ne guda a jingine da bango: mai hidima ya rubuta, mai kira ya karanta, na gaba ya wanke ya rubuta nasa.

Ba errno kaɗai aka yi wa haka ba. Hidimar strtok, mai yanka jimla kalma-kalma, tana ajiye inda ta tsaya a wani ɓoyayyen gurbi nata. localtime da getpwnam da gethostbyname kowace tana da ɗan akwati guda da take zuba amsa a ciki, ta miƙa wa mai kira adireshinsa, kira na gaba kuma ya share abin da ke ciki. Muddin hannu ɗaya ne ke rubutu, babu aibi a wannan, har ma akwai tsimi.

Sai zare ya shigo. Zare hanya ce ta raba manhaja guda zuwa layukan aiki da yawa da ke tafiya tare a cikin ƙwaƙwalwa ɗaya, ta yadda sabar za ta saurari masu buƙata ɗari a lokaci guda, ko manhaja ta ci gaba da amsa mai amfani yayin da take wani lissafi a bayan fage. Nan allon ya zama fitina. Zare na farko ya nemi buɗe fayil, ya gaza, aka rubuta 2. Kafin ya waiwayo ya karanta, zare na biyu ya gaza rubutu, aka wanke aka sa 28. Na farko ya dawo ya sanar cewa faifai ya cika, alhali fayil ne babu. Irin wannan rige-rige ba ya bayyana a kullum. Yana iya faruwa sau ɗaya a cikin kira miliyan, galibi lokacin da aiki ya yi yawa, kuma da wuya ya maimaitu a gaban mai bincike.

Kwamitin da ya tsara mizanin harshen C na 1989 ya bar wata ƙofa a buɗe, kuma ya cancanci yabo a kanta. Bai ce errno dole ya zama gurbi na zahiri ba. Ya ce kawai suna ne da ake iya karantawa a kuma rubuta a kansa, wanda zai iya kasancewa laƙabi da ke ɓoye kiran wata hidima. Da mizanin zare na POSIX ya fito a 1995 ya wajabta kowane zare ya mallaki errno nasa, ta wannan ƙofa aka bi. A laburaren GNU, wato glibc, kalmar errno a yau laƙabi ce ta `*__errno_location()`, hidimar da ke mayar da adireshin allon zaren da ya kira ta. macOS da FreeBSD suna da tasu mai suna `__error()`. Duk manhajar da ta ɗauko ma'anar errno daga fayil ɗin errno.h na tsarin ta samu sabon hali ba tare da ta sani ba. Wadda ta bayyana shi da kanta, kamar qmail, ta ci gaba da neman tsohon allo. Na wasu shekaru glibc ya bar tsohon a wurin. Daga jerin sigogin 2.3 aka mayar da errno cikin ma'ajiyar da kowane zare ke da tasa, tsohon sunan ya daina dacewa, qmail ta tsaya.

Sauran hidimomin ba su samu irin wannan sa'a ba. POSIX ya haifa musu tagwaye masu wutsiyar `_r`, kamar strtok_r da localtime_r, inda mai kira ke kawo akwatinsa da kansa. Wasu tagwayen sun yi kyau, wasu sun ƙara rikici. strerror_r ta kasance iri biyu masu suna ɗaya, ta GNU tana mayar da rubutu, ta POSIX tana mayar da lamba, har yau tana yaudarar masu rubuta manhaja. readdir_r kuwa glibc da kansa ya shawarci mutane su bar ta a 2016.

Wannan rabin labarin ne. Ɗaya rabin ya taso daga wani ɓangare dabam, a kusan lokaci guda.

Unix na farko yana ɗinke laburare a jikin kowace manhaja tun wajen gini. Manhaja ɗari, kwafi ɗari na printf. Tsarin Multics, wanda Thompson da Ritchie suka yi aiki a kansa kafin Unix, yana da haɗi na lokacin aiki tun shekarun 1960, amma Unix ya yar da shi tare da sauran kayan nauyi. Da tagogi da hotuna suka zo kan allon kwamfuta, laburarori suka yi ƙiba, kwafe-kwafen suka fara cinye faifai da ƙwaƙwalwa. A 1987 Robert Gingell da abokan aikinsa a kamfanin Sun Microsystems suka gabatar da takarda a taron USENIX kan laburaren tarayya, kuma SunOS 4.0 ya fito da shi a 1988. Kwafi ɗaya a faifai, kwafi ɗaya a ƙwaƙwalwa, sai wata ƙaramar manhaja, mai lodi, da ke haɗa kowace manhaja da laburarorinta a daidai lokacin da ta tashi. Tsarin fayil na ELF da ya zo da System V Release 4 ya daidaita wannan dabara, Linux kuma ya koma kansa a tsakiyar shekarun 1990.

Daga Sun ɗin ne kuma aka samu hidimomi huɗu da suka ba manhaja damar yin lodi da kanta a tsakiyar tafiya: dlopen ta ɗauko laburare, dlsym ta nemo adireshin wani suna a cikinsa, dlclose ta sallame shi, dlerror ta faɗi abin da ya lalace. A kan waɗannan huɗun aka gina abubuwa masu yawa. Da su sabar Apache ke ɗora sassanta, da su Python ke shigo da ƙarin da aka rubuta da C, da su tsarin PAM ke zaɓar yadda za a tantance mai shiga. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne glibc kansa yana lodi a ɓoye. Mai neman sunan ma'aikaci da getpwnam ko adireshi da getaddrinfo yana iya jawo lodin wani laburare bisa abin da aka rubuta a /etc/nsswitch.conf. Mai sauya tsarin haruffa da iconv haka. Ko soke zare da pthread_cancel sai an ɗauko libgcc_s. Manhajar da marubucinta bai taɓa rubuta kalmar dlopen ba tana iya yinsa daga zare goma a lokaci guda.

dlerror ta maimaita tsarin errno, har ta ƙara gishiri. Tunda suna na iya kasancewa da adireshin sifili bisa halal, dawowar sifili daga dlsym ba hujjar gazawa ba ce. Hanyar da aka koyar mataki uku ce: a kira dlerror don wanke allo, a kira dlsym, a sake kiran dlerror a ga ko an rubuta wani abu. Karantawar kanta tana wankewa. Idan allon na tarayya ne, wani zare na iya shigowa tsakanin mataki na biyu da na uku ya karanta kuskuren da ba nasa ba, ya bar mai kuskuren yana zaton komai lafiya. POSIX na 2001 da na 2008 ba su ɗaure kowa ba a nan: sun sa dlerror cikin jerin hidimomin da ba dole su jure zare ba. glibc ya zaɓi ya ba kowane zare saƙon kuskurensa, kuma babu manhajar da ta karye saboda haka.

A nan ne bambancin yake. dlerror hidima ce, errno kuwa gurbi ne tsirara. Abin da ke bayan hidima ana iya rushe shi a sake gini ba tare da mai kira ya ji ko motsi ba, domin bai taɓa ganin ciki ba. Gurbin da aka bayyana wa duniya kuwa, girmansa da wurinsa sun shiga jikin kowace manhaja da aka gina da shi. Masu tsara dlerror ba su hango zare fiye da masu tsara errno ba, amma siffar da suka zaɓa ta bar wa magadansu wurin gyara.

Inda rassan biyu suka haɗu sosai shi ne ma'ajiyar zare, wato wurin da kowane zare ke ajiye nasa kwafin gurabe irin errno. Ulrich Drepper, wanda ya daɗe yana jagorantar glibc, ya rubuta bayanin yadda ELF zai ɗauki wannan a 2002. Idan duk laburarori sun hallara tun farkon tashi, lissafin mai sauƙi ne: mai lodi ya tara buƙatun kowa, ya yanka wa kowane sabon zare fili daidai gwargwado. Amma a ɗauka zare arba'in suna cikin aiki, sai ɗaya ya kira dlopen ya shigo da laburaren da shi ma yake son gurbi a kowane zare. Sauran talatin da tara an riga an yanka musu fili, kuma ba za a tsayar da su a sake rabo ba. Maganin da aka samo shi ne kowane zare ya riƙe ɗan jadawali mai nuna inda kason kowane laburare yake, tare da lambar zamani. Duk lokacin da zare ya nemi gurbi ta hidimar `__tls_get_addr`, sai a duba ko jadawalinsa ya tsufa, a sabunta shi, a yanka masa kason a lokacin da ya fara buƙata.

Wannan hanya tana da ɗan jinkiri, don haka wasu laburarori suka zaɓi a gina su da hanya mai sauri, wadda ke ɗauka cewa kasonsu yana cikin filin farko. Don kada irin waɗannan su gagari dlopen, glibc yana barin ɗan rarar fili a gefe. Rarar ba ta da yawa. Idan ta ƙare, lodi ya gaza da saƙon cewa ba a iya samun wuri a filin ma'ajiyar zare na dindindin ba. Masu aikin nazarin bayanai da Python, musamman a kan na'urorin Arm, sun san wannan saƙo dangane da libgomp, kuma maganin da ake ba juna abin dariya ne ga wanda bai san tushensa ba: a sauya jerin layukan shigo da kaya a saman fayil, ko a tilasta lodin laburaren tun farko da LD_PRELOAD. Masanin ƙididdiga da ke sauya layi na uku da na farko yana biyan bashin shawarar da aka yanke shekara ashirin da suka wuce.

Sai batun kwado. Mai lodi yana riƙe da jerin duk laburarorin da ke ciki, kuma dole ya kulle jerin yayin da yake ƙari. Matsalar ita ce sabon laburare yana da damar gudanar da nasa shirin share fage a lokacin lodi, kuma glibc yana gudanar da shi kwadon na kulle. Idan shirin ya haifi zare ya zauna jiransa, zaren kuma ya buƙaci wani abu daga mai lodi, an yi cirko-cirko: wannan na jiran wancan, wancan na jiran mabuɗin da ke hannun wannan. Windows na da irin wannan ciwo a DllMain, har Microsoft ya wallafa dogon gargaɗi kan abubuwan da ba a yi a cikinta. A glibc an kai rahoton wani rige-rige tsakanin pthread_create da dlopen a 2015, wanda ke kashe manhaja jefi-jefi. Sai a sigar 2.34 ta 2021 Szabolcs Nagy na kamfanin Arm ya rufe shi, ta hanyar sa haihuwar zare ta riƙi kwadon mai lodi. Garin gyaran gira aka kusa rasa ido, domin yanzu shirin share fagen da ya jira wani zare mai haihuwar zare sai ya maƙale. Aka ƙirƙiro kwado na biyu, na ma'ajiyar zare kaɗai, a siga ta gaba.

dlclose ta fi kowace wuyar sha'ani, ko da yake bayaninta gajere ne. Sallamar laburare na nufin share rubutunsa daga ƙwaƙwalwa, kuma mai lodi ba shi da hanyar sanin ko wani zare na tsaye a cikinsa, ko ya bar wata hidimar tsaftacewa da za a kira ranar da zaren zai mutu. POSIX bai yi alkawarin cewa dlclose za ta sauke komai ba. Laburaren musl, wanda Rich Felker ya fara fitarwa a 2011, ya ɗauki wannan sassauci har ƙarshensa: dlclose ɗinsa ba ta sauke komai ko kaɗan. Ana iya ganin wannan kamar ragwanci, amma ƙwaƙwalwar da aka bari a riƙe ta fi sauƙin jurewa a kan manhajar da ta yi tsalle zuwa adireshin da babu kowa.

Akwai kuma wani tsohon rabo da ya daɗe yana jawo wahala. Zare ya zo Linux ne a matsayin baƙo, ta laburaren LinuxThreads da Xavier Leroy ya rubuta a 1996, sannan NPTL na Drepper da Ingo Molnar ya gaje shi tare da Linux 2.6 a 2003. A duk tsawon lokacin, hidimomin zare suna zaune a wani fayil dabam, libpthread, hidimomin lodi kuma a libdl. Hikimar ita ce manhajar da ba ta amfani da zare kada ta biya kuɗin kulle-kulle. Don haka libc ya ajiye hidimomin kwado na bogi waɗanda ba sa yin komai, wasu laburarori kuma, har da na C++, suna leƙawa su ga ko libpthread na nan kafin su yanke shawarar yin kulle. Dabarar tana aiki har sai manhaja mai zare ɗaya ta kira dlopen, abin da ta ɗauko kuma ya jawo libpthread a tsakiyar tafiya. Daga nan kwadon da aka "kulle" da hidimar bogi ana iya zuwa buɗe shi da ta gaske, shawarar da aka yanke cewa babu zare kuma ta zama ƙarya.

Sun ya gane wannan da wuri, ya haɗe zare cikin libc a Solaris 10 a 2005. musl bai taɓa rabawa ba. glibc, mai ɗauke da nauyin manhajoji marasa adadi da aka riga aka gina, sai a watan Agusta na 2021 ya kai ga haka, a sigar 2.34, bayan dogon aikin da Florian Weimer na Red Hat ya ɗauki kaso mai yawa a cikinsa. Aka kwashe kayan libpthread da libdl da libutil da libanl aka zuba cikin libc, ana kiyaye tsohuwar alamar sigar kowane suna don tsofaffin manhajoji su same shi yadda suka san shi. Fayilolin kansu ba a share su ba. libpthread.so.0 da libdl.so.2 suna nan a kowane sabon Linux mai glibc, kusan wayam, domin manhajar da aka gina da su kafin sigar 2.34 tana kiransu da suna, kuma mai lodi ba zai tashe ta ba idan bai same su ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Akwai wani gurbi da ya rage daga zamanin PDP-11 wanda ba a samo masa laƙabin ɓuya ba. Shi ne `extern char **environ;`, jerin bayanan muhalli irin su PATH da TZ da kowace manhaja ke gāda daga wadda ta tashe ta. getenv tana miƙa adireshin abin da ke cikin jerin kai tsaye, setenv kuma tana iya matsar da jerin zuwa wani wuri. Ba za a raba shi zare-zare kamar errno ba, domin ma'anarsa ita ce kowa ya ga abu ɗaya. Kwado ma bai wadatar ba, tunda kowace manhaja na da damar taɓa environ ba tare da ta bi ta wata hidima ba, kuma adireshin da getenv ta bayar yana hannun mai kira bayan an buɗe kwadon. Hidimomi kamar localtime_r da getaddrinfo suna karanta muhalli a ɓoye, don haka zare ɗaya na neman lokaci, wani na sauya muhalli, manhaja ta faɗi.

Harshen Rust, wanda babban alkawarinsa shi ne rubutun da ba a yi wa alamar haɗari ba ba zai taɓa lalata ƙwaƙwalwa ba, ya yi shekaru yana kulle hidimarsa ta set_var da kwadonsa na kansa. Kwadon bai isa ga rubutun C da ke gudana a cikin manhaja ɗaya ba. A sigar 1.85, wadda ta fito a watan Fabrairu na 2025 da bugun harshen na 2024, aka sa wa set_var da remove_var alamar `unsafe`. Duk mai son sauya muhalli a kan Unix da wannan bugun sai ya rubuta wannan kalma da hannunsa, ya kuma tabbatar da kansa cewa babu wani zare da ke karantawa a lokacin.